Tsohuwar gadar ƙauye ta gaji: wa zai biya kuɗin sabuwa?

Malam Ɗanlami: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ga magana ina neman shawarar masana. Akwai tsohuwar gada a kan wani rafi da ke zuba cikin Galma, tsawonta kamar mita 24, baki biyu ne da ginshiƙi ɗaya a tsakiya, faɗinta na mota ɗaya. Ruwa ya kwashe ƙasar gindin ginshiƙin, rodi ya fito fili a ƙasan dakin, wato shimfiɗar kankaren da motoci ke bi, ya yi tsatsa. Ta kanta ake fito da masara da rake da tumatir na ƙauyukan tsallake zuwa Zariya. Ƙaramar hukuma ta ce aikin ya fi ƙarfinta ita kaɗai. Wace ƙofa ya kamata a fara bugawa, kuma ta yaya za a haɗa hukumomi da dama a kan aiki ɗaya?

Injiniya Garba: Wa alaikumus salam Malam. Kafin a buga kowace ƙofa, a fara sanin ko gyara take so ko canji. Rodin da ya fito a dakin ana iya fasa kankaren da ya ruɓe, a goge tsatsar, a ƙara rodi, a sake rufewa. Abin da ke yanke hukunci shi ne ginshiƙin. A ɗaura igiya mai nauyi a gefensa a ga ko ya karkata. A duba saman gadar daidai kansa, in ya lotsa ko ya tsage a gicciye, to ginshiƙin ya fara nutsewa. A sa sanda a auna zurfin ramin da ruwa ya yi a gindinsa. In ramin ya wuce ƙasan tushe, har sanda tana shiga ƙarƙashin kankaren, maganar faci ta ƙare. Yawancin gadojinmu na karkara ta ƙasa suke mutuwa, saman na nan lafiya lau ruwa yana cin gindin.

Hajiya Binta: Ni kuma ta ɓangaren kasafi, tambayar farko ita ce ta wa ce hanyar? Hanyoyinmu kashi uku ne. Na tarayya suna hannun Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya, FERMA na kula da gyaransu. Na jiha suna hannun ma'aikatar ayyuka ta jiha da KADRA, hukumar kula da hanyoyin jihar Kaduna. Sauran na ƙananan hukumomi ne, kuma Jadawali na Huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora musu gini da kula da irin waɗannan hanyoyi. Wannan da Malam ya kwatanta kusan tabbas ta ƙaramar hukuma ce. Don haka kada a ɓata wata shida ana rubuta wa FERMA, amsar da za a samu ita ce ba hanyarsu ba ce.

Malam Ɗanlami: To Hajiya, in ta ƙaramar hukuma ce kuma ta ce ba ta iyawa fa?

Hajiya Binta: Gaskiya ta faɗa, amma ba duka ba. Kason ƙananan hukumomi 774 daga asusun tarayya kashi 20.60 ne cikin ɗari, kuma albashin malaman firamare da ma'aikatan lafiya da sauran ma'aikata shi ke cinye mafi yawa. Ba za ta iya gina gada mai mita 30 a shekara ɗaya ba. Amma tana iya biyan safiyo, gwajin ƙasa, zane da ƙididdigar kuɗin aiki. Wannan ɗan kaso ne ƙarami a kan kuɗin ginin, kuma shi ne mabuɗin duk sauran ƙofofin. Takardar koke mai hoton gada da sa hannun dagatai ana karɓarta da mutunci a ajiye. Takardar da ta zo da zane mai hatimin injiniya mai rajista da hukumar injiniyoyi ta COREN da kuma BEME, wato jerin kowane aiki da yawansa da farashinsa, ita ce mai tsara kasafi zai iya ba ta layi da lamba, domin ya san abin da zai rubuta.

Alhaji Shehu: Allah ya saka Hajiya. Amma ni ina ganin ana neman a sayi abin da ya fi buƙata. Rafin da ke ƙafewa tun Disamba, me ya sa sai gada? A yi kwalbati mai ɗakuna huɗu ko biyar, kowane mita 3 faɗi mita 3 tsayi. Ba a buƙatar kirein, ba a buƙatar turakun kankare masu zurfi, magina na gida za su iya in akwai injiniya a kansu. Kuɗin ya ragu sosai, jiha da ƙaramar hukuma su biya, a huta da jiran Abuja.

Injiniya Garba: Ranka ya daɗe, shawararka tana da tushe, kuma a wurare da yawa ita ce daidai. Amma ba faɗin rafi da rani ake dubawa ba. Ruwan Zariya kamar milimita dubu ne ko ɗan fiye a shekara, kuma mafi nauyinsa a Agusta yake sauka zuwa farkon Satumba. Abin aunawa shi ne faɗin ƙasar da ke turo ruwanta cikin rafin, da gangarenta, da mafi girman ambaliyar da za a iya samu. Kwalbati a kan yi masa lissafi da ruwan da ke zuwa sau ɗaya a shekara 25, gada kuwa 50 ko 100. Sannan a je wa dattawan wurin su nuna inda ruwa ya taɓa kaiwa a jikin bishiya ko dutse, safiyo ya ɗauki tsayin wurin. Wannan shaida tana da daraja ƙwarai, domin ƙananan rafukanmu ba su da ma'aunin ruwa.

Matsalar kwalbati mai ɗakuna da yawa ita ce shara. Ruwan farko yana ɗauko karan masara da rassa, wani lokaci kututture guda. Su tokare a bangayen tsakiya, bakin ya toshe, ruwa ya taru ya bi ta gefe ya yanke cikon hanya. Sai ka ga kwalbati tsaye lafiya a tsakiyar rafi, ba hanya ta ko'ina. In rafin mai ɗauko itace ne, gada mai baki ɗaya na mita 20, ko biyu na 15, ta fi aminci, a bar aƙalla mita ɗaya tsakanin ƙololuwar ruwa da ƙasan gadar don shara ta wuce.

Alhaji Shehu: Na yarda da maganar shara. Amma kirein ɗin da zai ɗaga sandunan kankare na mita 20 ta ina zai shiga? Hanyar da a-kori-kura ke maƙalewa?

Injiniya Garba: Tambaya mai kyau, kuma dole ta shiga BEME tun farko. Ko dai a gyara hanyar shiga kafin a fara, ko a zuba sandunan a wurin a kan katako da rani lokacin da rafin ya bushe. Gwajin ƙasa shi zai faɗi sauran. A haƙa rami aƙalla ɗaya a wurin kowane ginshiƙi da kowane bango na bakin gaɓa. Ƙasar Zazzau a kan dutse take, irin wanda ya fito fili a Kufena, to wani wurin mita 3 ko 4 ka taras da shi, ka ɗora tushe kai tsaye. Wani wurin kuma yashi da laka ne har mita 15, sai an kafa turaku. Bambancin kuɗi tsakanin waɗannan biyun babba ne. Wanda ya ba da kwangila ba gwajin ƙasa, zai ji labarin a tsakiyar aiki lokacin da ɗan kwangila ya zo neman ƙari.

Barista Hauwa: Bari in shigo ta inda Malam Ɗanlami ya tambaya, wato haɗa hukumomi. Mutane suna ɗauka za a buɗe asusu ɗaya ne kowa ya zuba nasa. Tsakanin jiha da ƙaramar hukuma, ko ƙananan hukumomi biyu in rafin ne iyakarsu, wannan yana yiwuwa. Da zarar hukumar tarayya ta shigo ba ya yiwuwa cikin sauƙi. Kuɗinta yana asusun bai-ɗaya na TSA, kuma dole ta ba da kwangilarta da kanta bisa dokar sayen kaya da ba da kwangila ta 2007. Jiha tana da tata dokar, hukumar kula da ba da kwangila ta jihar, KADPPA, ke sa ido. In kuɗin Bankin Duniya ne, da ƙa'idojinsa za a yi. Don haka abin da ake rabawa shi ne aikin, kowa ya biya nasa yankin ta hanyarsa.

Malam Ɗanlami: Wato wani ya yi ginshiƙai, wani ya yi dakin?

Barista Hauwa: A'a, Allah ya kiyaye. Nan ne ake kuskure mafi muni. Jikin gadar, tun daga tushe har dakin da shingen gefe, hukuma ɗaya ce za ta ɗauka, ɗan kwangila ɗaya, layin kasafi ɗaya. In ka raba shi, wanda ya yi ginshiƙai ya gama ya tafi, kuɗin mai dakin bai fito ba, rodin da aka bari a tsaye ya sha damina uku ya yi tsatsa. In kuma an gama ta tsage, kowa ya nuna ɗan'uwansa. Abin da ake rabawa shi ne wanda zai iya tsayawa da kansa. Zane da gwajin ƙasa ƙaramar hukuma. Jikin gada jiha, ko shirin hanyoyin karkara. Cikon hanya na gefe biyu da magudanan ruwa wata hukumar. Kare gaɓa daga zaizaya wata. Diyyar gonaki kuma jiha ko ƙaramar hukuma, domin bisa dokar filaye ta 1978 su ke da ikon karɓar fili don amfanin jama'a, su biya amfanin gona da itatuwa da gine-ginen da ke kai.

Alhaji Shehu: Barista, ko wannan ɗin ma yana da haɗari. Gada ta ƙare, mai cikon hanya bai zo ba, ta tsaya a sama mita 3 ba mai iya hawa. Ni da so samu ne mita 100 na farko a kowane gefe su shiga kwangilar gadar.

Barista Hauwa: Na amince da wannan gyaran, Alhaji. Mita 100 na kowane gefe su bi gadar.

Injiniya Garba: Ta fuskar aiki ma haka ya fi. Cikon bayan bangon gaɓa sai an zuba marmara hawa-hawa, kowane hawa kada ya wuce santimita 15 zuwa 20, a jiƙa a danne da inji, a bar ƙananan ramuka a jikin bango don ruwan da ya taru a baya ya fita. In wani daban ya zo ya juye tifa goma lokaci ɗaya ya baje, damina ɗaya wurin zai lotsa, kowace mota ta riƙa dukan bakin gadar.

Malama Zainab: Game da kare gaɓa, ga ƙofofin da suka dace. Akwai asusun kula da muhalli da aka kafa tun 1981, wanda tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi kowa ke da kasonsa a ciki, kuma zaizayar ƙasa da ambaliya aikinsa ne. Akwai ACReSAL, shirin Bankin Duniya na dala miliyan 700 da aka amince da shi a 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja, wanda ke aikin farfaɗo da ƙasa da kula da magudanan ruwa. Akwai kuma hukumar raya kogin Neja ta sama mai hedikwata a Minna, Kaduna na ƙarƙashinta. Amma a rubuta wa kowa da harshen aikinsa. In ka ce wa waɗannan su gina maka gada, za su ce ba huruminsu ba ne. Ka ce musu ga gaɓa mita kaza tana zaftarewa, tana cin gonaki tana barazana ga hanya, ana buƙatar kejin waya cike da duwatsu, da jeren dutse da siminti, da dashen ciyawa da itatuwa a sama.

Kuma don Allah a duba masu ɗiban yashi. In tifofi na kwasa kusa da gadar, musamman ta ƙasanta, ƙasan rafin yana sauka, ramin yana tafowa baya har ya iso gindin ginshiƙi. Sabuwar gada ma haka zai cinye ta. Wannan ba ya buƙatar ko kwabo daga Abuja, hakimi da dagaci da ƙaramar hukuma su tsayar da iyaka, a matsar da ɗiban nesa.

Hajiya Binta: Jikin gadar kuwa, ƙofa biyu ce mai ƙarfi. Ta farko kasafin jiha. Kaduna tana da tsarin da al'umma ke shigar da buƙatunsu tun daga mazaɓa, wanda ake kira CDC, ya bi ta ƙaramar hukuma zuwa hukumar tsare-tsare da kasafi. A shigar da gadar a matsayin buƙata ta ɗaya, kuma duk mazaɓun da ke amfani da ita su sa ta, kada kowa ya rubuta nasa daban. Lokaci yana da muhimmanci: ma'aikatu suna haɗa kasafinsu tun tsakiyar shekara, wanda ya zo a Nuwamba ya makara sai baɗi.

Ta biyu shirin hanyoyin karkara. Kaduna ce ta fara cin gajiyar RAMP na Bankin Duniya, kuma ƙananan gadoji da kwalbatoci suna cikin abin da aka yi. Magajinsa RAAMP, wanda aka amince da shi a 2020, yana haɗa hanya da kasuwannin amfanin gona. A sani cewa bashi ne a kan jiha, kuma jiha na zuba nata kason. Ba a zaɓen hanya don yawan koke, ana duba yawan jama'ar da ke amfana da amfanin gonar da ke fita da kasuwar da hanyar ke kaiwa. To a tanadi wannan bayanin. A zaunar da matasa biyu a bakin gadar mako guda, har da ranar kasuwa, daga asuba zuwa magariba, su ƙirga babura da motoci da tifofi da amalanke. A rubuta makarantu da asibitin da sai an tsallaka ake zuwa, da tsawon zagayen da za a yi in ta faɗi.

Malam Ɗanlami: Ɗan majalisar tarayya fa? Wasu na cewa a kai masa ya sa a ayyukan mazaɓu.

Hajiya Binta: A kai masa, amma a ba shi abin da kuɗinsa zai gama. Kason ɗan majalisa ɗaya ana yanka shi ne a kan ayyuka da yawa, da wuya ya ɗauki gada sukutum. In aka sa rabin kuɗi bana da fatan sauran baɗi, ga zaɓe na iya canza mutum, an samu ginshiƙai biyu a daji. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. A ba shi kilomita biyu na hanyar shiga ko ƙananan kwalbatocin kan hanya. A kuma roƙe shi ya ajiye aikin a hukumar da ke da injiniyoyin hanya, domin akan sa irin wannan aiki a ƙarƙashin cibiyar da ba ruwanta da gini, ba mai duba shi. ICPC tana bibiyar ayyukan mazaɓu tun 2019, ana iya kai mata ƙorafi in an watsar. Hukumar raya Arewa maso Yamma da aka kafa a 2024 ita ma a aika mata kwafin zanen.

Barista Hauwa: Duk wannan sai an ɗaure shi da takardar yarjejeniya, kuma ba irin mai shafi ɗaya da ake ɗaukar hoto da ita ba. A rubuta wace hukuma ce jagora. A rubuta injiniya ɗaya mai sa ido a kan dukan yankunan, wanda ba a biyan kowa sai da sa hannunsa. Kowace hukuma a sa lambar layin kasafinta da watan da za ta saki kuɗi. A faɗi wa zai ɗauki ƙarin kuɗi in farashi ya tashi, domin bayan cire tallafin mai da sakin naira a 2023 ƙididdigar da aka yi kafin nan duk ta tashi aiki. BEME da ta wuce wata shida a sake mata farashi kafin a tallata, a sa harajin VAT na kashi 7.5 da kuɗin ko-ta-kwana. Kuɗin kafin alƙalami kada a bayar sai da takardar lamuni ta banki. A riƙe kashi 5 na kowane biya har gadar ta ga damina ɗaya cikakkiya. Sai sashen da kowa ke mantawa: bayan an miƙa, wa zai riƙa share magudanai da cire shara da duba gindin ginshiƙai kowace Oktoba, kuma daga wane layi? Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024 kan kuɗin ƙananan hukumomi, ya dace ciyaman ya sa hannu da kansa a kan nasa kason, majalisar kansiloli ta amince a rubuce, don wanda zai gaje shi ya tarar da shi a kasafi.

Alhaji Shehu: Ku ƙara da kalanda. Lokacin aikin cikin rafi daga Nuwamba ne zuwa Afrilu, in an yi sa'a farkon Mayu. Dole tushe da ginshiƙai su fito sama da ruwa kafin damina ta kankama. Ke nan a tallata a ba da kwangila kafin Oktoba ta ƙare. In kuɗin farko ya fito a Maris, gara a jira kaka, domin ramin tushe da aka haƙa ruwa ya cika shi da yashi, sai an sake biyan haƙarsa. Diyya kuma a gama ta kafin katafila ta iso, manomin da ba a biya ba yana da gaskiya in ya tare hanya.

Injiniya Garba: Jama'ar gari ma suna da abin dubawa ba sai sun zama injiniyoyi ba. Kankaren gada mai ƙarfin 30 yana cin buhun siminti bakwai zuwa takwas a kowace mita kubik, wato faɗi da tsawo da zurfi mita ɗaya-ɗaya. Yashin ya zama mai tsabta ba laka. A ga ana ɗibar samfurin kankare a ƙananan akwatuna ana kaiwa gwaji a kwana 7 da kwana 28, kuma ga sashen injiniyan gine-gine na ABU a Samaru kusa da mu. A ga an sa 'yan ƙananan tubala tsakanin rodi da katako, don kankare ya rufe rodin da kamar santimita 5 a inda ruwa ke taɓawa. Rashin wannan ne ke sa rodi fitowa kamar yadda Malam ya gani a tsohuwar. Bayan zubi a riƙa jiƙa shi aƙalla mako guda, balle a cikin hunturu da iska ke busar da shi da wuri.

Malam Ɗanlami: Allah ya saka da alheri. Saura abu ɗaya: ko komai ya tafi daidai, shekara biyu ce a gaba. Yaya za a yi da tsohuwar kafin nan?

Injiniya Garba: A rage mata kaya yau ɗin nan. Tirelar siminti mai buhu 600 tan 30 ne kayan kawai, ban da nauyin motar, kuma tifar yashi mai taya goma ba ta da nisa da haka. Allon gargaɗi ba ya hana direba, a kafa ƙarfe a gicciye a sama a bakin kowane gefe, tsayin da ƙaramar mota da a-kori-kura za su wuce, babbar mota ba za ta shiga ba. Masu rake su yi jigila da ƙananan motoci zuwa tsallake. Da rani a cika ramin gindin ginshiƙin da manyan duwatsu cikin kejin waya, kada a zuba ƙasa ko ɓaraguzai, ruwan farko zai tafi da su. A shafa fenti a jikin ginshiƙin a matsayin alama, in ruwa ya kai nan a rufe gadar har ya sauka a duba.

Kuma kada a rushe ta sai sabuwar ta fara aiki. A sa sabuwar a gefenta, tazarar da haƙar tushe ba za ta taɓa tsohuwar ba, a inda rafin ya miƙe ba a kan kwana ba. Wannan zai ci 'yan gonaki a gefe biyu, don haka safiyon da zai zo aunawa ya auna su a tafiya ɗaya, da sunan mai kowace gona da abin da ke cikinta, dagaci yana tsaye.

Malama Zainab: Bayan an buɗe sabuwar kuma a cire tsohon ginshiƙin har gindinsa, a sa kuɗin rushewar a BEME. In aka bar shi a tsakiyar rafi zai riƙa karkatar da ruwa yana jefa shi kan bangon sabuwar.